Saƙon da Ba Shi da Sunan Kowa

Shekarun baya na tafka wata wauta wadda har yau in abokaina na fuwaye suka rasa abin dariya, ita suke tonowa. Ni da zamana a lakwal, wato makarantar boko, bai taka kara ya karya ba, ɗan zaman da na yi ma rabinsa a bakin tabki na yi shi ina harbin tsuntsaye, wai ni ne na tashi zan yi harka da mel, wasiƙar intanet. Gara in ba ku labarin da bakina, don in kuka ji shi wajen abokina Bazabarme, sai ya zuba masa gishiri da yaji har ni kaina in kasa gane kaina a ciki.

Ni Bagobiri ne, mutumin karkarar Maradi. Da ƙuruciyata na zo Paris, na zauna fuwaye a Montreuil, gidan da leburori 'yan ƙasashenmu ke kwana, na wanke kwanonin gidajen abinci har yatsuna suka daina jin ruwan zafi. Daga baya na ɗauko iyalina muka samu gida a Bobigny. A can aka haifi ɗiyata ta fari.

To mu a gidanmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya zaunar da shi su yi hira. Haka na buɗe ido na ga mahaifina yana yi wa babban wana, kuma ba wanda ya taɓa zaton ƙiyayya ce. Kowa ya san kunya ce, kuma ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ta yar da wannan kunyar tun ranar da ta fara kai yarinyar lakwal. Ta ce ba za ta tsaya bakin ƙofa tana kiran "ke" cikin 'ya'yan mutane ba. Ni kuwa na riƙe abina gam. "Ke" nake ce mata. In da uwarta nake magana, sai in ce "yarinyar nan". Akwai ranar da muka je farfektir, ofishin gwamnati, sabunta takardun zama, matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni sunan babbar ɗiyata. Na yi shiru. Ta sake tambaya da ƙarfi, tana zaton kurma ta samu. Sai na tura mata takardar na ɗora yatsa a kan sunan. Karatu ban iya ba, amma siffar wannan sunan na san ta kamar yadda na san fuskar mai shi. Yarinyar tana tsaye gefena, kanta bai wuce ƙuguna ba, tana kallona.

Ta girma, ta yi karatu, ta shiga aikin pompiye, 'yan kashe gobara. Daga baya aka ɗauke ta a Lyon, a biro, wato ofishin da ke tsara aiki in daji ya kama da wuta. Su ne ke cewa waɗannan motoci su nufi wancan dutse, wannan jirgin sama mai zubar da ruwa ya nufi wancan kwari. Duk labarinta ta bakin uwarta nake jin sa. Da yamma sai in zauna in yi kamar ina gyara carbi, in ce, "Ko ana ruwa a Lyon?"

Ta ce, "Malam, in lafiyarta kake son ji, ga waya nan."

"Ni na ce miki lafiyar wani nake tambaya? Ruwa na tambaya."

Sai ta yi dariya ta zayyana mini komai, har abin da yarinyar ta ci da rana. Kuma na san in sun yi waya tana ce mata, "Babanki yana tambayar ruwan Lyon." Haka muka rayu, kuma ni a ganina lafiya lau muke.

Sai mai ɗakina ta rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki, ina wucewa ta bakin kicin na ji yarinyar tana magana da ƙaninta. Da Faransanci take yi, tana zaton ba zan gane ba. Ta ce, "Yanzu da Mama ba ta nan, ban san abin da zai riƙa kawo ni gidan nan ba. Shi ban ma tabbata ya san sunana ba." Faransancina na wankin kwanoni ne, amma wannan kam na gane shi kaf. Na koma ɗaki na zauna bakin gado.

Ta koma Lyon. Azumi ya zo ya wuce, salla ta zo, ba ta zo ba, ta ce aiki. In ta kira, ta ce, "Baba, ina wuni." In ce, "Lahiya lau. Ya aiki?" Ta ce, "Da godiya." Sai mu tsaya muna sauraren numfashin juna har ɗayanmu ya ce to sai an jima. Ina ji a jikina yarinyar nan tana zamewa daga hannuna, kuma wadda ta saba riƙo mini ita tana cikin ƙasa.

A shekarar aka yi wani zafi wanda ban taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. Tun da na aje aiki, kullum da la'asar nakan shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in je fuwaye in zauna da tsofaffin abokai. Tele ɗin, wato talabijin, da ke ɗakin cin abinci ba ta nuna komai sai wuta: duwatsu suna ci, itatuwa suna ci, jirage suna ta amayar da ruwa, mutane suna gudu da karnukansu. Ni kuwa na kafa mata ido, shayina ya huce a hannu.

Abokina Bazabarme yana gefe. Abokin wasana ne, tun muna samari muke cin fuskar juna. Gadi ya yi a wani babban gini, ya shekara da shekaru yana kallon allon kamara, shi ya sa yake ɗaukar kansa malamin na'ura.

Ya ce, "Kai Bagobiri, kira ɗiyar taka mana. Ka zura wa tele ido kamar ta ciki za ta fito."

Na ce, "In na kira in ce me?"

"To aika mata murya ta waya."

"Nan take za ta gani, ta kira ni, mu koma sauraren numfashi."

Ya kurɓi shayina, wanda ban ba shi ba, ya ce, "Matsalarku Gobirawa ciki kawai kuka sani. Akwai abin da ake kira mel. Shi kamar akwatin gidan waya yake. Ka jefa saƙo, ya kwanta. Ba ya ƙara, ba ya damun kowa. Mai akwatin sai ran da ya samu sukuni ya zo da makullinsa ya buɗe." Ya ce ai yana ma da adireshinta, don lokacin rasuwar uwarta ta ce a aika mata takardar asibiti wajen aiki don a ba ta hutu, kuma shi ya aika da wayarsa.

Wannan magana ta kwanta mini. Akwati mai makulli, ba ido, ba amsa nan take. Kamar ka yi magana ta bayan zana.

Nan ya karɓi wayata ya buɗe mini nawa mel ɗin. Wajen sa suna, maimakon sunana sai ɗan banzan ya rubuta "Bagobiri mai ci", bai gaya mini ba sai daga baya. Ya nuna mini: danna jan ɗigon nan, yi magana, danna wannan kibiyar, shi ke nan ya tafi.

Washegari bayan na yi asuba na sha kafe, na zauna a kicin, na jingina wayar da gwangwanin sukari, na gyara hula kamar za a ɗauke ni hoto. Na danna jan ɗigon.

Na ce, "Salamu alaikum. Ke, ina kwana. Ina gajiya. Ina zafi. Ya aiki, ya hayaƙi, ya haƙuri da wutar nan. Ya mutanen wajen aikin, ya manyanku. To madalla." Ni na gaishe ta, ni na amsa wa kaina. Daga nan sai na ga baki ya buɗe. Na shiga ba ta shawara yadda muke kashe gobarar daji a ƙauye da ɗanyen reshe, ana tsayawa ta inda iska ke fitowa. Kun ji fa, mai wankin kwanoni yana koya wa masu jirgin sama kashe wuta. Na rufe da cewa ta riƙa shan ruwa, na danna kibiya.

Ba amsa. Na ji daɗi.

Kashegari na sake. Jibi ma haka. Abin ya zama mini kamar kafen safe. Da fari gaisuwa ce da labarin gida: na ƙone shinkafa, maƙwabciyarmu ta sama ta samu jika, shukar na'ana'ar uwarta da ke taga ba ta mutu ba don ina ba ta ruwa. Sannu a hankali sai maganar ta fara gangarawa inda ban yi niyya ba. Na gaya mata ranar da aka haife ta, yadda nas ta miƙo mini ita na ƙi karɓa don akwai 'yan garinmu a wurin, sai da suka fita na koma na tsaya kan ɗan gadon har aka kore ni. Na gaya mata lokacin da take ƙaramar lakwal, in na tashi daga aikin safe nakan tsaya tsallaken titi bayan rumfar jiran bis, in ga fitowarta, in bi ta daga nesa har ta shiga gida, sannan in zagaya in shigo kamar daga wani wuri nake. Na gaya mata ranar da aka sa musu kakin pompiye, da na ce ba zan samu zuwa ba, na je. Ina can baya kusa da ƙofa cikin tsohuwar kwat ɗina, na ga ta sara wa babbansu, na fita kafin a tashi don idona ya fara ba ni kunya.

Wata safiya har na ce mata na ji abin da ta faɗa wa ƙaninta a kicin. Na ce, "Na san shi. Ni na raɗa shi a kunnenki kafin kowa ya ji."

A duk wannan surutu, sunan bai fito daga bakina ba ko sau ɗaya. "Ke" daga fari har ƙarshe.

Abin da ni da malamina Bazabarme ba mu sani ba, wannan akwati ba nata ba ne. Akwatin aiki ne na taron dangi. Duk biro-biron da ke tsara kashe gobarar daji, daga Lyon har gangarawa bakin teku, shi suke buɗewa ta intanet, duk wanda ke bakin aiki yana ganin abin da ya shigo. Ta nan suke neman ƙarin motoci a wajen juna, ta nan labarin iska ke zuwa, ta nan ake sanin inda jirgi ya tashi da inda ya sauka. Kuma suna da ƙa'ida: duk saƙon da ya shigo ja ne a kan allo, har sai wani ya ɗora sunansa a kai, alamar ya ɗauka, shi zai ji da shi, sannan ya koma kore. Lokacin wuta ba a share saƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Kuma mai tashi daga aiki dole ya yi wa mai karɓarsa bayanin duk jan da ya bari.

To ga murya tana shigowa kowace safiya, da harshen da ba wanda ke ji, daga wani mai suna da ba su iya ko karantawa, kuma ba a ambaci kowa a ciki ba. Ita kuwa wadda nake yi dominta ba ta nan. An tura ta kudu, can kusa da wutar, inda ake tara motoci, tana cikin tanti da rediyo a kunne, ba ta buɗe akwatin.

An ce da fari hankalinsu ya tashi, suna tsoron ko wani baƙo ne mai aikin gonar inabi wuta ta ritsa da shi. Suka rubuto mini suna tambayar ko ni wane ne. Na ga rubutun ya shigo, na ɗauka irin tallan nan ne da ke cika waya, na share. Suka ba wani ɗan asalin Senegal da ke wani biron ya saurara, ya ce ba nasu ba ne. Aka ba wata Balarabiya, ta ce ta ji salamu alaikum, daga nan ta ɓace. Da suka ga muryar ba ta mai gudu ba ce, kuma kullum lokacin kafe take zuwa, sai suka sa mini suna tsohon safiya. Ja yana ta taruwa a kan allo, kowane mai tashi daga aiki yana cewa, "Wannan na tsohon safiya ne, har yanzu ba mai shi."

Ranar da ta dawo Lyon, tana shiga biro wani abokin aikinta ya ce, tunda iyayenta daga Afirka suke, ta zo ta ji ko za ta gane harshen. Ya ƙure murya a tsakiyar ɗaki. Sai ga ni: "Salamu alaikum. Ke, ina kwana."

Ni ina Bobigny ban san wainar da ake toyawa ba. Da azahar wayata ta yi ƙara.

"Baba."

"Na'am. Ina wuni, ya..."

"Kar ka sake aika komai a adireshin nan. Ba nawa ba ne, na aiki ne. Duk biro-biro suna ji. Ka gane? Kar ka sake."

Ta kashe.

Na aje wayar. Duk biro-biro. Shinkafar da na ƙone, rumfar bis, tsohuwar kwat. Ni da na shekara talatin da wani abu ina kunyar kiran sunanta gaban mutum biyu, na kwashe cikina kaf na zazzage wa rabin ƙasar Faransa. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Muryarta ce. A shaƙe take, gajera, irin ta wanda ya kai maƙura. Na ce shi ke nan, na kunyata ta gaban manyanta, ƙila ma na ja mata kora, ɗan zaren da ya rage tsakaninmu na tsinke shi da hannuna.

Da na gaya wa Bazabarme, ya yi dariya har ya sauko daga kujera yana riƙe ciki. Da ya ɗago ya ga fuskata sai ya haɗiye sauran. Ya ce, "To ai sai ka je. Mai laifi ba ya aike." Ya koya mini wata doguwar jimlar ban haƙuri da Faransancin manya, ya sa na maimaita har ta zauna.

Ƙaninta ya yankar mini tikiti. Na sa babbar rigata ta salla, na ƙulle goro da kilishi a leda, na shiga jirgin ƙasa na safe. Tun daga Paris nake bitar jimlar nan a hankali, har matar da ke kusa da ni ta tashi ta sake kujera. Muna shiga Lyon na neme ta a kaina na rasa, ko kalma ɗaya ba ta rage ba.

A bakin ginin mai gadi ya tare ni ya ce wa nake nema. Kun ga inda aka sake komowa. Na ce ɗiyata. Ya ce sunanta. Na ce tana aikin wuta. Ya ce kowa a nan aikin wuta yake. Ina cikin laluben wata takarda a aljihu da zan nuna masa da yatsa, sai ya tsaya ya karkata kai yana saurarena. Ya ce in sake magana. Na ce, "Salamu alaikum." Sai ya washe baki ya ɗauki waya, na ji yana cewa tsohon safiya ne a ƙasa. Ashe har shi an jiyar.

Ta sauko cikin kakinta. Ta rame, rana ta ƙona ta. Ta dubi rigata, ta dubi ledar, ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, me ya kawo ka?"

Na ce, "Wajen shef ɗinki, babbanku, na zo, ba wajenki ba."

Ta ce in biyo ta.

Ɗakin babba ne, da sanyi, ga alluna a bango ɗauke da taswira, ga mutane da abin ji a kunne suna magana ƙasa-ƙasa. Ina shiga kawuna suka ɗago. Wani ya ɗaga mini kofin kafensa. Wata yarinya ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Ina kwana," da tsakar rana, da irin muryata sak. Na amsa mata, ya zan yi.

Shef ɗin mace ce, gajera, mai furfura, fuskarta ba wasa. Tunda Faransancin Bazabarme ya gudu, sai na yi da Hausa, yarinyar tana fassarawa. Na gaishe ta yadda ya kamata. Na ce ni jahili ne, yarinyar nan ba ta da laifi ko kaɗan, ba ta san na yi ba, in hukunci ne ni za a yi wa, in tara ce zan biya, amma kar a taɓa aikinta don ta sha wuya kafin ta same shi. Na daɗe ina magana. Ita kuwa ta juya ta faɗi 'yan kalmomi ta yi shiru.

Na ce, "Ke, duk abin da na faɗa shi ke nan?"

Ta ce, "Baba, nan ba a dogon bayani."

Shef ɗin ba ta yi mini sassauci ba. Ta ce akwatin nan in saƙo ɗaya ya ɓace cikin tarkace, mota tana iya tafiya inda ba wuta ta bar inda mutane ke jira, kuma mutanenta sun ɓata lokacin da ba su da shi suna neman sanin ko ina cikin haɗari. Ta ce kar in sake. Na ce wallahi ko an biya ni. Ta ce maganar kora kuwa ba ta taso ba, ba yarinyar ta aika ba. Na miƙa mata goro. Ta juya shi, ta gatsa don kar ta ƙi, fuskarta ta tattare kamar an matsa lemun tsami, amma ta haɗiye. Daga ranar nake girmama matar nan.

Sai ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni gaban wani allo, ta danna. Layi-layi suka fito, daga sama har ƙasa, duk kore. Ta ce waɗannan su ne nawa. Ta ce ranar da yarinyar ta dawo, da ta ji na farko sai ta kashe muryar, ta sa abin ji a kunne, ta zauna ta saurare su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta gama sai ta ɗora sunanta a kai.

Na matsa kusa. A ƙarshen kowane layi ga siffar nan da na sani, ta sake fitowa, ta sake fitowa, har ƙasan allon. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ɗora yatsa a kan ɗaya ba. Na juyo na ga tana kallon yatsan. Ta kawar da kai wajen taswira.

Aka ba ta sauran yinin. Muka gangara bakin kogi muka zauna a kan dakali, na kwance kilishin. Muka shiga ci.

Can ta ce, "Rumfar bis ɗin nan. Ina ganinka fa."

Na ce, "Ƙarya ne. Ɓuya nake."

"Baba, rumfar gilashi ce."

Na ɗauki kilishi na kai baki.

Ta ce, "Na ɗauka gadina kake don kar in bi ƙawaye yawo. Kullum sai in miƙe gida ina jin haushinka."

Muka yi dariya, ni da ita, wadda ban tuna ranar da muka yi irinta ba. Na ce to ranar da ta kira ni fa, ai na zaci ta gama da ni. Ta ce a lungun matakala take tsaye, in ta ƙara minti ɗaya a wayar da na ji kukanta, kuma ita ma ai ɗiyar Bagobiri ce. Na fara yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta ce ta sani, Mama ta gaya mata ba sau ɗaya ba. Ta ce amma abin da aka gaya maka daban, abin da ka ji da kunnenka daban.

Da la'asar ta raka ni gar, tashar jirgin ƙasa, ta riƙe mini ledar da ba komai a ciki sai ragowar goro.

Yau shekaru sun ja. Ta buɗe mini wani adireshin, nata ita kaɗai, ta sa ƙaninta ya goge wancan daga wayata a gaban idonta. Har yanzu da safe ina jingina wayar da gwangwanin sukari in yi gaisuwata, ita kuma ran Juma'a ta maido da tata, da Hausarta mai ɗingishi, tana ba ni labarin ruwan Lyon ko ban tambaya ba. Salla ba ta sake wuce ta ba. In aka nuna wuta a tele gabana yana faɗuwa kamar da, sai dai yanzu na san inda zan kai faɗuwar gaban.

In na zauna ina tunani, ban ce mahaifina ya yi kuskure ba. A ƙauyenmu kunyar nan tana da masu fassara ta: kaka tana nan, gwaggo tana nan, duk gari ya san ma'anarta, yaro yana tashi ya ji a bakin kowa. Ni na ɗauko ta na kawo ƙasar da mutum ɗaya tak ke iya fassara ta, ban taɓa tunanin ranar da za a wayi gari babu mutumin ba. Sai da Bazabarme ya ɓatar da ni hanya sannan na isa, kuma kullum sai ya tuna mini, ya ce in biya shi da farantin shinkafa.

Sunan kuwa har yanzu "ke" ne. Na gwada, ni kaɗai a kicin, ƙofa a rufe. Yakan taso har maƙogwaro, ya tsaya, ya koma. Ba ta sake tayar da maganar ba tun ranar a gar ɗin Lyon, kuma ni ban ba ta amsa ba har yau. Na riga na sa ƙafa ɗaya a cikin jirgi, ta miƙo mini ledar goron, ta gyara mini wuyan riga kamar yadda uwarta ke yi, ta ce:

"Baba, ni dai na ɗora sunana a kan saƙonninka duka. Saura kai."